Maigidana da Yayana ba sa ga maciji tun daren sakamakon zaɓe

Assalamu alaikum Anti. Ina cikin tsaka mai wuya. Maigidana da Yayana aminai ne sama da shekara 20, ta hanyar Yaya ma muka san juna. A zaɓen da ya wuce kowa ya bi ɗan takararsa. Da fari abin tsokana ne da raha a zauren WhatsApp na dangi, har daren da aka bayyana sakamako. A daren nan maigidana ya rubuta cewa duk wanda ya zaɓi wancan mutumin, ko dai jahili ne ko an saye shi. Yaya ya mayar masa a gaban kowa cewa bai san munafuki ya bai wa ƙanwarsa ba, ya fice daga zauren. Yau wata 14 ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Idan muka je gaida Inna muka tarar da motar Yaya a ƙofa, maigidana ba ya fitowa. Sai ya zauna a mota har Yaya ya tafi. Inna tana fama da hawan jini, kuma abin yana ci mata rai. Yaya yakan kira ni ya tambayi lafiyar yara, amma da na ambaci babansu sai ya canza magana. Shekaranjiya ɗana mai shekara 9 ya tambaye ni ko Kawu mugun mutum ne. Anti, wa ke da gaskiya a cikinsu? Na yi tunanin in haɗa su su zauna, kowa ya kawo hujjarsa a wuce wurin. Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne, duk inda na duba haka mutane suka rabu biyu. Al'ummar da ta kai nan tana iya komawa daidai kuwa?

Daga wata 'yar'uwa cikin damuwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sanyaya zuciyarki.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo wurin motar nan nake tsayawa. Mutum ya tuƙo iyalinsa har ƙofar surukarsa, ya hango motar amininsa na shekara 20, ya kasa fitowa, ya kuma kasa tafiya. Wanda ya gama da mutum ba haka yake yi ba. Shiga zai yi ya gaida tsohuwa, ya wuce ɗayan kamar bai gan shi ba, ko a jikinsa. Mai zama a mota yana kallon ƙofa ciwo ne ke cin sa, da kunya, da fargabar abin da fuskarsa za ta nuna idan suka haɗa ido. Haka shi ma Yaya. Da ya yanke ku da gaske, ba zai riƙa ɗaga waya yana tambayar 'ya'yan mutumin nan ba. Na fara da wannan ne don ki san abin da ke hannunki yana da sauran numfashi.

Kin tambaye ni wa ke da gaskiya. A kan zaɓen ba zan ce komai ba, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba. Ko na faɗa, ba zai matsar da ke ko taku ɗaya ba. Koma ki sake karanta saƙonnin biyu da suka raba su. Babu maganar tsaro a ciki, babu tsadar rayuwa, babu wata manufa da aka ce wani zai aiwatar ko zai kasa. Ɗaya ya ce jahili ko sayayye, ɗaya ya ce munafuki. Shekara 20 suna saɓawa a kan abubuwa iri-iri amincinsu bai girgiza ba, don dama zo mu zauna zo mu saɓa ne. Abin da ya faru a daren nan cin mutunci ne, a gaban ƙanne da 'ya'ya da surukai, kuma a kan wannan ina da hukunci: dukansu sun yi laifi. Maigidanki ne ya fara. Cewar da ya yi "duk wanda" fakewa ce da guzuma don harbin karsana, domin ya san sarai wa ke cikin zauren da kuma wanda ya zaɓa. Yaya kuma ya rama da abin da ya fi wanda aka yi masa nauyi, ya nuna mutum ɗaya da yatsa, ya jawo aurenki cikin rigimar da babu ruwan aurenki da ita. Na san wannan kalmar ke ma ta soke ki, ko da ba ki faɗa ba.

Ta yaya mutum mai hankali yake kaiwa ga rubuta irin wannan a kan amininsa? Masu nazarin siyasa suna rarrabe abu biyu: mutane su yi nisa da juna a ra'ayi, da kuma mutane su tsani juna saboda ɓangaren da kowa yake. Na biyun yana iya girma ko da ra'ayoyin ba su motsa sosai ba. A Amurka, inda aka daɗe ana auna abin, an tambayi mutane a 1960 ko ransu zai ɓaci idan ɗansu ko 'yarsu suka yi aure a gidan 'yan ɗaya jam'iyyar. Kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suka ce zai ɓaci. Da aka yi irin tambayar a 2010, kusan rabin 'yan jam'iyyar Rifablikan da kashi ɗaya cikin uku na 'yan jam'iyyar Dimokurat suka ce ba za su ji daɗi ba. Ki lura, tambayar a kan wa za ka yarda ya zama surukinka take, daidai inda taku rigimar ta sauka.

Wani bincike da Douglas Ahler da Gaurav Sood suka wallafa a 2018 ya nuna ɗaya daga cikin dalilan. Sun nemi Amurkawa su kintaci irin mutanen da ke cikin kowace jam'iyya. Mutane suka ɗauka kashi 38 cikin 100 na 'yan Rifablikan masu samun sama da dala 250,000 ne a shekara, alhali adadin gaskiya wajen kashi 2 ne kawai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗanda suka fi bibiyar labaran siyasa su ne kintacensu ya fi karkacewa. Ba abin mamaki ba ne. 'Yan tsirarun da suka fi zafin kai a kowane ɓangare su ne suka fi yawan rubutu, kafafen sada zumunta kuma suna turo wa mutum abin da zai tsayar da shi a kan waya, kuma babu abin da ke tsayar da mutum kamar ɓacin rai. Ga sojojin baka, waɗanda sana'arsu ke nan: su tsinto magana mafi muni da wani wawa ya yi a can, su kawo wa mutanensu su ce ku ga yadda "mutanen can" suke. Wata da watanni ana zuba wa mutum wannan safe da yamma. Lokacin da maigidanki yake danna kalmomin nan, hoton da wayarsa ta zana masa yake zagi, sai dai wanda zagin ya faɗa wa mutum ne mai jini da tsoka da ya tsaya masa a ranakun wuya.

Don haka shawarar haɗa su su zauna kowa ya kawo hujja, ki ajiye ta. Idan kika yi haka yanzu, kin shirya musu zagaye na biyu ne, kuma wannan karon ke ce alƙali, duk wanda ya ji an kayar da shi ke zai ƙullata. Kada kuma ki riƙa tura wa ɗayansu bidiyo ko rubutun ɓangaren ɗaya wai don ya ga su ma suna da hujja. An gwada wannan. A 2018 Chris Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun biya wasu masu amfani da Twitter kuɗi kaɗan don su bi wani shafi da ke kawo musu maganganun jagororin ɓangaren da suke adawa da shi, kullum har wata guda. Bayan watan ba su sassauto ba. 'Yan Rifablikan ƙara taurarewa suka yi a kan ra'ayinsu, 'yan Dimokurat ma ba su matso ko kaɗan ba. Mutumin da yake jin an kewaye shi, duk hujjar da aka miƙo masa dutse yake ɗaukarta.

Bari in ba ki labarin wasu aminai biyu da siyasa ta raba, don akwai irin aikinki a cikinsa.

John Adams da Thomas Jefferson tare suka yi gwagwarmayar 'yancin kan Amurka. Tare suka zauna a kwamitin da ya tsara sanarwar 'yancin a 1776, daga baya suka yi aikin jakadanci a Turai a lokaci guda, iyalansu suka shaƙu. Da jam'iyyu suka kafu sai kowa ya tsinci kansa a ɓangare dabam. A zaɓen shugaban ƙasa na 1800 Jefferson ya kayar da Adams, wanda ke kan mulki a lokacin, bayan yaƙin neman zaɓen da jaridun ɓangarorin biyu suka yi ta zubar da mutuncin 'yan takara. Ranar 4 ga Maris 1801, ranar da za a rantsar da Jefferson, Adams ya bar birnin Washington tun kafin gari ya waye don kada ya halarta. Irin zaman motar nan ne.

A 1804 'yar Jefferson ta rasu. Abigail, matar Adams, wadda ta taɓa riƙe yarinyar na ɗan lokaci a Landan tana ƙarama, ta rubuta masa ta'aziyya mai taɓa zuciya. Ga hanyar sulhu ta samu. Amma a amsarsa, bayan godiya, sai Jefferson ya ambaci abu ɗaya da ya ce Adams ya yi masa wanda ya ɓata masa rai, wato naɗe-naɗen muƙaman da ya yi dab da saukarsa daga mulki. Abigail ta mayar da nata ƙorafin, cewa shi ma ya tallafa wa ɗan jaridar da ya yi wa mijinta ƙazafi. Wasiƙu suka yi ta kai-komo, kowa yana wanke kansa, har zancen ya mutu. Aka ƙara shekara 7 babu magana.

Wanda ya gyara shi ne Benjamin Rush, wani likita abokinsu su biyu, wanda shi ma ya sa hannu a sanarwar 'yancin. Ya yi shekaru yana rubuta wa wannan, yana rubuta wa wancan, bai gaji ba. A 1811 wani matashi maƙwabcin Jefferson ya ziyarci Adams, cikin hira tsohon ya ce shi dama can yana ƙaunar Jefferson, kuma har yanzu yana ƙaunarsa. Maganar ta isa kunnen Jefferson, ya rubuta wa Rush cewa wannan ya ishe shi. Rush bai ɓata lokaci ba ya isar wa Adams. Ranar 1 ga Janairu 1812 Adams ya aika gajeriyar wasiƙa: gaisuwar sabuwar shekara, labarin iyali, da sanarwar wata 'yar kyauta da ya aiko. Bai ce uffan a kan zaɓe ba. Daga ranar suka yi musayar wasiƙu 158 cikin shekara 14. Sun koma kan tsohon saɓaninsu, amma sai a 1813, lokacin da Adams ya rubuta cewa bai kamata su mutu ba tare da sun yi wa juna bayanin kansu ba. Har suka bar duniya ba su zama masu ra'ayi ɗaya ba, kuma rana ɗaya suka rasu, 4 ga Yuli 1826.

Ki dubi bambancin 1804 da 1812. Mutanen su ne dai, ƙorafin shi ne dai. A karo na farko da ƙorafi aka fara, a na biyu da ƙauna aka fara, aka bar bayani sai bayan shekara ɗaya da rabi, lokacin da zumuncin ya yi ƙwarin da zai iya ɗaukarsa.

Aikinki na Rush ne, ƙanwata. Abu na farko, daga yau duk wata magana marar daɗi da ɗayansu ya yi a kan ɗaya, a kunnenki za ta mutu. Duk wata mai daɗi kuwa, komai ƙanƙantarta, ki ɗauka ki kai. Manzon Allah (SAW) ya faɗa cewa mai sulhunta mutane, wanda ke isar da alheri ko yake faɗin alheri, ba maƙaryaci ba ne. Ke ba sai kin ƙara gishiri ba ma, don gaskiyar da ke hannunki ta isa, sai dai ki fito da ita daga bakinsu. Ki samu maigidanki lokacin da hankalinsa ke kwance, waya tana ajiye. Kada ki fara da daren nan. Ce masa, "Abban yara, me ya sa ba ka iya shiga idan yana ciki?" sannan ki yi shiru, ko shirun ya yi tsawo kada ki cike masa. Wata rana dabam ki tambaye shi abin da yake jin tsoron zai samu ƙasar, wanda ya sa abin ya yi masa zafi haka. Ki yi wa Yaya irin wannan tambayar. Kada ki yi gardama da ko ɗaya, sauraro kika zo yi. Zan yi mamaki idan ba ki tarar da tsoro ɗaya a ƙarƙashin ƙuri'u biyun ba: makomar yara, zalunci, tashin hankali, talauci. Wurin da suka rabu shi ne wa kowa yake ganin zai kawo maganin. Wannan saɓani ne na gaske kuma mai nauyi, ba na raina shi, amma mutum biyu masu gaskiya suna iya yin sa ba tare da ɗaya ya zama jahili ɗaya munafuki ba.

Sai ban haƙuri, kuma a nan ne akasari ake lalata abin. Maigidanki zai ce miki, "Wato in ce na yi kuskure da na zaɓi wanda na zaɓa?" Ki ce masa a'a, ƙuri'arsa tasa ce, babu mai neman ya janye ta. Kalma ce zai janye. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ana iya cewa ba gaskiya ba ce. Layi uku sun isa: "Abokina, na faɗi magana a kanka wadda ba gaskiya ba ce. Kai ba jahili ba ne, kuma babu mai iya sayenka, na fi kowa sani. Ka yafe mini." Kada "amma" ta shiga. Ni kaina na taɓa rasa ƙawa ta wannan hanyar. Na rubuta saƙon ban haƙuri ya fi sau biyar ina gogewa, kullum saboda hannuna yana so ya ƙara "amma ke ma". Ranar da na iya turawa babu ƙari, shekara 2 sun shuɗe. Ta amsa da mutunci, muna gaisawa har yau, sai dai zaman bai koma yadda yake ba, don kowa ta riga ta saba da rashin 'yar'uwarta. Wata 14 bai kai nan ba, shi ya sa ba na so ki yi jinkiri.

Wanda ya fara shi ya kamata ya fara, kuma ki tuna masa cewa a hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3, wanda ya fara sallama shi aka ce ya fi alheri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Yaya ma akwai bashi a kansa, har biyu: na amininsa da naki. Kina da haƙƙin ki ce masa cikin ladabi, "Yaya, da ka kira shi munafuki, uban 'ya'yana ka kira, kuma ni nake kwana da maganar." Mai yiwuwa bai taɓa duban abin ta wannan fuskar ba. Kuma tunda a gaban dangi aka ci mutuncin, idan an daidaita sai kowa ya rubuta layi ɗaya a zauren nan, don ƙannen da suka ga ɓarnar su ga gyaran.

Bayan wannan kada ki shirya musu zaman sulhu na musamman, da kujeru da shaidu. Ki nema musu aiki. A 1954 masanin halayyar ɗan Adam Muzafer Sherif ya kai yara maza 22, 'yan shekara 11 zuwa 12, wani sansani a jihar Oklahoma, ya raba su gida biyu ya sa su gasa. Cikin 'yan kwanaki suka fara ƙona tutar juna da kai wa juna farmaki a ɗakunan kwana. Da aka haɗa su cin abinci wuri ɗaya don su shirya, jifan juna suka yi da abincin. Abin da ya sassauta gabar shi ne lokacin da ruwan sansanin ya ɗauke, da lokacin da motar da za ta ɗauko musu abinci ta ƙi tashi, dole suka kama igiya ɗaya suka ja. Ƙaramin gwaji ne, kuma masu binciken ne suka shirya matsalolin da hannunsu, amma abin da ya nuna kowa ya san shi a rayuwa. Ku ba sai an ƙirƙiro muku matsala ba, ga Inna. Tana buƙatar mai kai ta asibiti, mai kula da maganinta, mai bin awon jininta. Kada ki yi amfani da ciwonta a matsayin tarko, kuma kada ki ce musu su ne za su kashe ta. Wanda aka ɗora wa laifi irin wannan gudu yake ƙara yi. Ki gaya wa Inna abin da kike nufi, ita da bakinta ta ce ranar kaza tana so wannan ya tuƙa, wancan ya shiga da ita wurin likita. Zaman jiran layi na awa biyu, kafaɗa da kafaɗa, babu mai kallon idon wani, ya fi zaman sulhu sauƙin ɗauka.

Tambayarki ta ƙarshe ta fi gidanku girma, kuma ba zan ba ki amsar kwantar da hankali kawai ba. Al'umma tana warkewa, an gani, amma ba ta hanyar kowa ya dawo ra'ayi ɗaya ba. A Ireland ta Arewa rikicin kusan shekara 30 ya ci rayuka sama da 3,500, tsakanin masu son yankin ya ci gaba da zama cikin Birtaniya da masu son ya haɗe da Jamhuriyar Ireland. Yarjejeniyar 10 ga Afrilu 1998, wadda kashi 71 cikin 100 na masu zaɓe a yankin suka amince da ita, ba ta yanke hukuncin wa ke da gaskiya ba. Ta bar wannan tambayar a hannun ƙuri'ar jama'a, ta ba kowa damar riƙe shaidar zama ɗan ƙasar da yake so ko duka biyun, ta kuma wajabta raba mulki. A Mayun 2007 Ian Paisley da Martin McGuinness, jagorori daga ɓangarorin biyu waɗanda suka shafe rayuwarsu a matsayin abokan gaba, suka jagoranci gwamnati ɗaya. Duk da haka har yau akwai katangun da suka raba unguwanni a Belfast, babban birnin yankin, kuma ƙasa da yaro ɗaya cikin goma ne ke zuwa makarantar da aka kafa don haɗa ɓangarorin biyu. Bindiga ta yi shiru cikin 'yan shekaru, zukata kuwa suna tafiya a hankali.

Afirka ta Kudu ta koyar da wani abu dabam. Hukumar gaskiya da sulhu da Desmond Tutu ya jagoranta bayan mulkin wariyar launin fata, wadda ta fara sauraron jama'a a 1996, ba ta raba afuwa kyauta ba. Sai mutum ya fito ya faɗi duk abin da ya aikata. Sama da mutum 7,000 suka nema, 849 aka bai wa. Shi ya sa na nace cewa a janye kalmomin nan biyu da baki, kada a ce kawai a manta. Mikin da aka ɗaure ba a wanke ba, ruɓewa yake yi a ciki.

Ba na cikin masu ɗora wa talaka nauyin gyaran duka. Idan mutane ba su yarda da alƙalan zaɓe ba, idan kotu ba ta da kwarjini, idan wanda ya ci yana kwashe komai wanda ya faɗi ya rasa komai, to kowane zaɓe zai zama kamar yaƙin rai da mutuwa, kuma babu yawan gaisuwar da za ta gyara wannan. Gyaransa yana wuyan shugabanni da hukumomi, kuma haƙƙinmu ne mu matsa musu. Amma akwai abin da nake so maigidanki da Yaya su yi tunani a kai. A Kenya rikicin bayan zaɓen 2007 ya kashe sama da mutum 1,000, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Ranar 28 ga Fabrairu 2008 shugaban ƙasa Mwai Kibaki da jagoran adawa Raila Odinga suka sa hannu a yarjejeniyar raba mulki da Kofi Annan, tsohon Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shiga tsakani aka ƙulla. Bayan shekara 10, a Maris 2018, Odinga ya sake yin musabaha da shugaban ƙasa na lokacin, Uhuru Kenyatta, bayan wani zaɓen mai zafi. Na yaba sulhun, ya ceci rayuka. Sai dai manyan sun san hanyar komawa teburi ɗaya, kullum suna barin ta a buɗe, yau adawa gobe ƙawance. Magoya baya ne ke toshe tasu hanyar, su rasa maƙwabci da aboki da suruki saboda mutanen da ba su san da zamansu ba.

Game da yaron, kada ki bari tambayarsa ta ƙara kwana. Yaro ɗan shekara 9 da ya ga babansa yana guje wa kawunsa zai nemo wa kansa dalili, kuma dalilin da ya samo shi ne wanda kika ji. Ki zaunar da shi ki ce, "Kawu mutumin kirki ne, Abba ma mutumin kirki ne. Sun saɓa a kan wanda ya kamata ya yi shugabanci, ransu ya ɓaci, suka gaya wa juna maganar da bai kamata ba. Manya ma suna yin kuskure, kuma za su gyara." Ki ci gaba da kai shi gidan kawunsa yana wasa da 'yan'uwansa, kada rigimar ta gangaro kansu. Sannan a daren ranar, bayan yara sun yi barci, ki maimaita wa babansa tambayar kamar yadda yaron ya yi ta, kalma da kalma, ba tare da kin ƙara komai ba. Ki bar shi da ita.